Ban da Mai Banda

Kai Sadiku, janye ƙafarka daga kan gwangwanin nan, jan fenti ne a ciki, ba kujerar gidanku ba ce. Ku dube su don Allah. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai, injin buga talla ya yi tsit kamar an yi masa rasuwa, sai ga manyan injiniyoyi sun dawo rumfar tsoho suna shan inuwa kyauta. To madalla, ku zauna. Amma na ji abin da ka ce ɗazu, kada ka ɗauka kunnen Malam Hudu ya mutu. Wai aikina shafe-shafe ne, ko ɗan firamare aka miƙa wa burushi zai yi. Wai ledar nan da kuke bugawa kuna kiranta bana ta kashe rubutun hannu. Sunan kam ya dace da ita, bana, don ba ta ganin baɗi.

Ɗaga kanka ka dubi tsallaken titi. Ka ga jerin shagunan can masu ƙofar ƙarfe, waɗanda awaki suka mayar masauki? Ka ga na kusa da famfo, wanda yagaggiyar leda ke reto a goshinsa? A kan wannan shagon wata dattijuwa, Ya Falmata mai banda, ta ɗora ranta, don ta samu rufin da zai raba kifinta da ruwan sama. Ni da kai duk muna da hannu a maganar, kai dai ba ka sani ba. Zan zo kanta. Amma sai ka fara sanin mene ne burushi.

A tashar Haɗeja na koyi aikin nan, a hannun Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, siririn mutum mai faɗa kamar zanzaro. Shi ke rubutu a jikin manyan motocin da ke ɗaukar tattasai da kifi zuwa Kudu. Na daɗe a wurinsa ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Wankin burushi da kananzir, gugar bango da samfefa har yatsu su yi kanta, riƙon tsani, sayo goro. Da ya ga ban gudu ba, sai ya ba ni zare. A tsoma shi a bula, a ja daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗana a saki, tas, layi ya fito a bango. Ya ce kafin hannu ya taɓa fenti, ido ya riga ya gama rubutun. Ka ƙirga haruffanka, ka raba musu bango kamar rabon gado, kada na farko su yi ƙiba na ƙarshe su mutu da yunwa a lungu.

Akwai wani abokin koyona mai rawar kai irin taku. Ran nan maigida ya tafi masallaci ya bar masa goshin wata motar tattasai. Direba ya ce a rubuta masa ALLAH YA KARE MU. Shi kuwa gwani sai ya ga harafin K ya yi masa tsirara, ya ɗora masa ƙugiya don ado. Direba bai yi boko ba, ya ja motarsa yana murna. Sai a Kano wani ɗan kamasho ya tare shi ya ce, "Direba, wace irin addu'a ce wannan? Allah ya ƙare ku?" Fasinjojin da ke zaune a saman buhuna suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da motar ta dawo, maigida bai daki kowa ba. Ya dai miƙa wa yaron reza ya ce ya kankare goshin motar da rana tsaka, direba na tsaye a kansa yana karanto masa asalin danginsa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yi wa harafi kwalliyar da bai nema ba.

Wannan ƙaramin burushin da kake juyawa, ajiye shi, ba na kanti ba ne. Gashin jelar saniya ne, ni na ɗaure shi da hannuna, da shi nake yin ƙugiya da ƙananan haruffa. Wancan mai faɗin na shimfiɗa ne. Sandar can mai ƙunshin tsumma a kai, a bango ake dafa ta a ɗora hannu, don kada ya yi rawa. Ga alli, ga reza ta yankan kwali, ga tsanin da ya girme ka. Ba su da yawa, kuma ba wanda ke jiran a kawo wuta a cikinsu.

Duk mai shagon da ya zo wurina, tambaya ɗaya nake fara yi masa: na ruwa ko na mai? Fentin ruwa arha ne, yana bushewa kafin ka gama shan shayi, amma damina ɗaya ta ishe shi. Na mai da tsada da wari, sai ka goge bango, ka yi farar shimfiɗa, ka jira ta bushe, sannan ka hau rubutu. Amma in ya kama, ya kama. Daga amsar mutum nake gane ko shi kansa ya yarda da shagonsa.

Wani saurayi ya taɓa sayar da shinkafar gonar gado ya kama ɗan shago, irin wanda in ka shiga da ƙafar dama ta hagu tana waje. Kayan ciki, madarar gwangwani da sabulu da ashana. Ya ce in rubuta sunansa, in ƙara da Intanashinal, in ƙara da DA 'YA'YANSA.

Na ce, "Yaro, ka yi aure?"

Ya ce, "Ana dai magana, Baba."

"To 'ya'yan fa?"

"Baba, ai rubutu addu'a ne."

Sunan ya fi shagon tsawo, sai da na karya kwana na ci bangon maƙwabcinsa mai faci, rigima ta kai har gaban mai unguwa. Da na tambaye shi na ruwa ko na mai, ya sosa ƙeya ya ce na ruwa. Bai yi ƙarya ba, shi da fentin kusan tare suka bar wurin.

Kun san maganar da na fi rubutawa a rayuwata? Ba sunan wani Alhaji ba ne. BA A FITSARI A NAN. Na rubuta ta a bangon masallaci, a bayan makaranta, a katangar masu kuɗi. Kuma duk inda na rubuta, nan ake layi. Daga baya na gane ashe talla nake yi wa wurin.

Ku da kuke kuka don wuta ta ɗauke rabin yini, ba ku ga shekarar babbar ambaliya ba, ko kun gani kuna goye. Ruwa ya haura hanyar Auyo har kwalekwale ya zama motar haya. Shinkafa ta nutse tana fid da kai. A ƙasar nan kuwa in manomi bai girbe ba, tela bai ɗinka ba, mahauci bai yanka ba, balle mai rubutu. Wa zai sa suna a bangon da ya koma laka? A wannan shekara ban rubuta sabon suna ba, sai gogewa. Mai gini ya kira ka, ɗan haya ya gudu birni neman abinci, zo ka shafe sunansa ka rubuta NA HAYA NE. Sunayen da ni na rubuta da hannuna, mutanen da na sha ruwan randarsu, ni na bi na binne su da farin fenti. Wallahi ba aikin da na tsana kamarsa. Da shi ma ya ƙare, sai na bi masunta fadama ina taya su saran kacalla, ciyawar nan da ta toshe kogi, a sallame ni da abin miya.

A lokacin ne na san Ya Falmata sosai. Kakanninta daga bakin Tafkin Chadi suka zo, har yau Hausarta da ɗan gishirin Barebari, ba ta ce mini Malam, sai Mala. Mijinta ya rasu, ga jikoki a gabanta. Tana da rumfar zana da tsohon kwano a daidai inda famfon can yake, tana sayar da banda, tarwaɗa da ƙarfasa da aka gasa da hayaƙi suka bushe ƙamas. In na biyo da yamma, ba ta tambayata yaya kasuwa, don ta ga amsar a fuskata. Sai ta tattara ɓarɓashin kifi da kawuna ta ƙulle a takarda ta ce, "Mala, kai wa yara, ya dame ni a daro." Da wannan damuwar tata aka yi miya a gidana har ruwa ya janye.

Da ruwa ya janye kuwa, sai masu hikima suka zauna, wato kwamitin raya gari, suka binciko abin da ke damunmu. Ba magudanar ruwan da ta toshe ba ce. Ba ramukan titi ba ne. Ba kacallar da ta cinye kogi ba ce. A'a, rumfunan bakin titi ne, wai suna ɓata wa gari fuska. Aka ce kowa ya kwashe, za a gina shagunan zamani, kuma duk mai rumfa shi za a fara ba makulli. Aka faɗa da lasifika, aka rantse, aka shafa fatiha.

Aka gina, ba laifi, gini ya yi kyau. Ranar rabo sai muka ji makullai sun kama hanya. Wasu sun tafi Dutse, wasu Kano, wasu har Abuja, hannun mutanen da ba su san ko ƙofar gabas take kallo ko yamma ba. Ba ciniki za su yi a ciki ba, ajiya ce, kamar kwanukan jere a ɗakin amarya, na kallo ne ba na cin tuwo ba. Har ƙanin matar wani da bai taɓa taka garin nan ba ya samu. Wani mai baki a teburin mai shayi ya ce, "Kowa ya samu, ban da mai banda." Maganar ta bi gari, yara suka mai da ta waƙa. Ita ma in ta ji sai ta yi dariya ta ci gaba da korar ƙuda.

Sauran masu rumfuna suka watse. Mai faci ya koma tasha, mai kayan koli ya tafi Birniwa wurin ɗan'uwansa. Ita kaɗai ta ƙi tafiya, don a nan masu sayenta suka san ta. Ta tsallako gefen kwata ta zauna da daronta da wata lema mai karyayyen haƙarƙari. Ku ba ku san banda ba sai a cikin miya. Babban maƙiyinta danshi. Yayyafi ya taɓa ta, kafin ka ankara ta yi fumfuna, tsutsa ta shiga, sai a zuba wa kaji. Duk damina jarin matar nan sai ya rame, tana zaune tana kallon rufin kwano sabo fil a tsallake, ba kowa a ƙarƙashinsa sai jemagu da rina. Awaki suka kama baranda, samari masu shaye-shaye suka kama baya. Iyaye suka yi kuka, liman ya yi huɗuba, aka ce kwamiti yana dubawa.

Wata safiya ina haɗa shuɗi, sai ga Sakataren kwamiti da babbar riga da ƙamshin turare, yana tafe yana tsallake kashin awaki.

Ya ce, "Malam Hudu, aikin gaggawa na kawo maka."

Na ce, "Allah ya sa alheri ne, ranka ya daɗe."

"Babban baƙo zai zo daga sama ya buɗe shagunan nan."

"Ashe ba a buɗe su ba? Na ɗauka bikin rufewa ne ya rage."

Bai yi dariya ba. Ya ce suna so kowane shago ya samu suna a goshi, baƙo ya ga kasuwa na ci. Na ce sunayen su wa? Ya ce, "Kai dai rubuta, ba kai ne mai basira ba?" Na ce na ruwa ko na mai? Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce na ruwa, mafi arha.

To, tunda an ce ni ne mai basira, sai na zuba ta. Shagon farko na ba ALHAJI BABU DA 'YA'YANSA. Na biyu HAJIYA GOBE, KAYAN MASARUFI. Na gaba MALAM JIRAU TELA. Masu acaɓa suna wucewa suna karantawa suna faɗuwa da dariya. Sakatare ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce aiki ya yi kyau, don shi launi yake kallo.

Da na iso na kusa da famfo, na kafa tsani na hau, sai na ji murya daga tsallake.

"Mala, wa aka ba wannan?"

Na ce, "Ba kowa, Ya Falmata. Suna kawai zan sa."

"To sunan wa za ka sa a kan rumfata?"

Na tsaya da burushi a hannu. Gaskiyarta, ƙafar tsanina a daidai inda murhun bandarta yake a da take. Na sauko, na dawo nan na ɗauko fentin mai, nawa na kaina, ba na kwamiti ba. Na goge goshin shagon da samfefa har ya yi santsi, na yi farar shimfiɗa, na bar ta ta kwana. Washegari na ja zare, na raba haruffa, na rubuta da shuɗi mai duhu: FALMATA MAI BANDA. Kalmar ƙarshe na matse ta, BAN da DA suka rungumi juna, ko allura ba ta ratsa tsakaninsu, don kada wani ɗan iska ya karanta ta ɗaya hanyar ya tayar da waccan waƙa.

Ita karatun allo ta yi, ba ta san boko ba. Ta tsallako ta tsaya a gindin tsani ta ɗaga kai.

"Mala, karanta mini."

Na karanta.

"Sake."

Na sake. Ta gyara mayafi, sannan ta ce, "Kai Mala, za ka jawo mana magana." Amma ba ta sauke idonta daga bangon ba. Ni kaina na daɗe ban yi rubutun da ya yi mini daɗi haka ba.

Na zaci Sakatare zai tayar da hankali. Ina! Murna ma ya yi. Ya ce dama ana neman waɗanda za su zauna a ciki ranar taro, ga ɗaya ta samu da kayanta, ba sai an yi aro ba.

Ranar taro kam an sha kallo. Aka jera kwalayen taliya a shagon Hajiya Gobe har rufi, ba ko tsinke a cikinsu. Aka aro keken ɗinki aka ajiye wa Malam Jirau, aka zaunar da wani ɗan acaɓa a kai yana taka shi ba zare ba allura. A bakin gari kuwa aka ɗaure wata ƙatuwar bana daga wannan turken wuta zuwa wancan: MUNA MARABA DA MANYAN BAKI. Kai ka buga ta, Sadiku, kada ka sunkuyar da kai. Ko injinku ba shi da ƙugiya, ko kai ne ba ka san inda take kwana ba. Baƙi kuka so ku ce, kuka ce baki. Amma ban ga laifinka ba, ranar ce kaɗai na ga leda ta faɗi gaskiya. An ci kaji, an sha lemo, an yi jawabi har rana ta karkata.

Babban baƙo ya yanka ƙyalle, ya bi shaguna yana gyaɗa kai, ana janye shi da sauri kada ya taɓa kwali. Da ya iso na famfo sai ya tsaya da kansa, don nan ne kaɗai hanci ya shaida ana sana'a. Ga banda a jere, ga mata na ciniki na gaske. Ya ɗaga kai ya karanta sunan da ƙarfi, sannan ya ce, "Mama, tun yaushe kike nan?"

Ta ce, "Tun kafin a yi ginin, ranka ya daɗe."

Aka kwashe da dariya, aka yi tafi. Baƙo ya ce a ga hikimar iyayenmu. Sakatare yana dariya yana share gumi da hannun riga. Aka sayi tarwaɗa, aka ɗauki hoto da ita a tsakiya, aka ce wannan shi ne ci gaba.

Bayan la'asar motoci suka tafi, masu kwalaye suka zo suka kwashe kayansu, mai keke ya ɗauki kekensa. Sakatare ya leƙa ya ce, "To Iya, an gode, sai a tattara."

Ta ce, "In tattara in kai ina, ɗan nan? Ga sunana a sama. Baƙonku ma ya karanta, kowa ya ji."

Akwai jama'a a wurin, sai ya juya ya wuce. Kafin magariba ta aika an sayo mata kwaɗo ta ɗaura a ƙofa.

Ruwan farko da ya sauka, Alhaji Babu da 'ya'yansa suka gangaro ta bango suka bi kwata. Hajiya Gobe ta bi su. Jere guda ya koma jirwaye, sai suna ɗaya da ya tsaya yana ƙyalli kamar an wanke shi. Sai ga Sakatare a rumfata.

"Malam Hudu, na ruwa na ce maka."

"Kuskuren gwangwani ne, ranka ya daɗe. Tsufa."

"To je ka goge."

Na ce na mai ne, sai an kankare, ga samfefa ta ƙare sai na aika Haɗeja. Ya dawo, na ce bango ya sha ruwa, fenti ba ya kama danshi. Ya sake dawowa, na ce an ari tsani. Ya kuma dawowa, na ce bayana ya riƙe. Ba duka ne ƙarya ba, bayan kam yana ciwo. A garin nan kuma ba wani mai burushi sai ni, kuma shi Sakatare yana jin nauyin ya fitar da tsohuwa daga ƙarƙashin sunanta da rana tsaka, sunan da ya shiga hoto.

Haka ta ci wannan damina a ciki. Karo na farko da na ga hadari ya haɗo ba ta miƙe tana rarumar buhu tana rufe daro ba. Tana zaune abinta tana ɓare goro tana kallon ruwa. Kifinta ya bushe, ya yi ƙamshi. Masu acaɓa daga Auyo da Kirikasamma suka mai da wurin matsaya. Mai shayi ya dawo ya kafa tebur a barandar kusa. Ta sa jikokinta suka share kashin awaki. Samarin bayan gini kuwa, kowanne ta san uwarsa, sai ta leƙa ta kira shi da sunan uwar ta ce za ta aika gida, suka nemi wani wurin. Shago ɗaya da mutum a ciki ya yi abin da huɗuba da zaman kwamiti suka kasa.

Wannan ne ya jawo mata masifa. Labari ya kai birni cewa wurin famfo yana da kasuwa. Mai makullin, wanda bai taɓa ganin ƙofar ba, sai ya tuna yana da shago. Ya aiko cewa a fitar masa da mai warin kifi, zai sa ɗan haya mai tsafta. Sakatare ya gaji da ciwon bayana, sai ya tsallake rumfata ya shiga shagonku.

Me ka ce? Aiki aka kawo maka, aka ce ka buga SHAGON HAYA da lambar waya, ba ka san na wa ba ne? Na yarda, wallahi na yarda ba ka sani ba. Ai shi nake gaya maka tun ɗazu. Ni kafin in shafe sunan mutum sai na kafa tsani a ƙofarsa, in wuni a kansa, yana shiga yana fita ta ƙarƙashin ƙafata, wataƙila ma ya miƙo mini ruwa. In zan yi, to ina kallon idonsa zan yi. Kai kuwa ka danna, inji ya tofo, aka naɗe aka biya aka tafi, shayinka ma bai huce ba. Wannan shi ne sauƙin da kake yi mini taƙama da shi.

Da hantsi suka zo, 'yan sintiri da guduma da ledarka a hammata. Suka hau benci suka buga ta da ƙusa a kan sunan, ta rufe shi ruf. Da sunan ya ɓace sai kowa ya samu ƙarfin hali. Suka fito mata da kwanduna baranda, ana yayyafi, suka sa sabon kwaɗo. Daga nan inda kake zaune nake kallo, raina ya ɓaci, ga tsufa, ga ba yadda zan yi.  Ita kuwa ta cire mayafinta ta rufe kifin, ta tsallaka ta koma bakin kwata. Ɗan haya mai tsafta kuwa har yau muna jiransa, don kuɗin hayar da mai makulli ya yanka ba mai sayar da komai a garin nan da zai iya. Mai shayi ya ɗauke teburinsa, awaki suka dawo gidansu.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune sai ga ta da daro a ka, ta wanke shi tas, ba kifi a ciki. Ta sauke a gabana.

"Wushe, Mala."

Na ce, "Lale, Ya Falmata." Na fara kame-kame, ina cewa da na sani da ban jawo mata ba. Ta katse ni.

"Bar wannan, Mala. Na sha inuwa damina guda, da can na taɓa sha? Rubuta mini a jikin daron nan."

"Me zan rubuta?"

"Irin na can."

Na jawo shuɗi, na ɗauki burushi matsakaici, na fara auna gefen daron da ido don haruffan su fito a gani daga nesa. Sai ta ce a'a. Ta kifar da shi, ta nuna mini gindinsa da yatsa.

"A nan za ka yi, ƙanana, inda sai na kifar zan gani. In ya yi kyau a fili, wani a birni zai tuna daron ma nasa ne."